Sha'anin Ruwa a Akwatin Ƙyanƙyasar Ƙwai: Gargaɗi ga Masu Kiwon Kaji na Ƙasar Yawuri

Ya kai mai kiwon kaji, ko a Yelwa ka ke, ko a Wara, ko a Shanga, in ka sayi akwatin ƙyanƙyasa, na lantarki ne ko na fitilar kananzir, lalle an gaya maka ka lura da zafi. Gaskiya ne. Amma ga abin da kan auku ga mutane da yawa. Zafi daidai, ana juya ƙwai kullum, ran kwana 21 sai a ga 'yan tsaki biyar ko shida kaɗai sun fito daga cikin ƙwai talatin. In an fasa sauran, ga tsaki cikakke da gashinsa, matacce. An yi hasarar kuɗin ƙwai, da na kananzir, da wahalar mako uku. Sai mutum ya ce zakaransa ne ba shi da kirki. Zakara kuwa ba shi da laifi, gama da laifinsa ne da ba a sami tsako a ciki ba. Sau da yawa ruwa ne ya yi kaɗan a akwatin, ko kuwa ya yi yawa.

Ka sani ɓawon ƙwai ba a toshe ya ke ba. Yana da ƙofofi dubbai waɗanda ido ba ya gani. Ta nan iska ke shiga, ta nan kuma ruwan da ke cikin ƙwai ke fita kaɗan kaɗan. Fitar nan tilas ce. Daga ranar da aka sa ƙwai zuwa kwana 18, ya kamata ya rage kamar kashi 12 cikin 100 na nauyinsa. Yayin da ruwa ke raguwa, sai wani fili ya riƙa buɗewa a gindin ƙwan, watau wajen da ya fi faɗi. Filin nan shi za mu kira ɗakin iska. Wajen kwana 19 ko 20 tsako kan huda tantanin da ya raba shi da ɗakin, ya yi numfashinsa na fari a nan, kāna ya sami ƙarfin fasa ɓawo.

To, in iskar akwatin ta bushe ƙwarai, ruwa ya fita fiye da kima. Tsako ya ƙanƙance, tantani ya yi tauri kamar busasshiyar fata, ya manne masa, ya kasa juyawa. In kuwa laima ta yi yawa, ruwa ba ya fita, ɗakin iska ya zauna ƙarami, tsako ya kumbura, in ya huda tantani sai ya shaƙi ruwa ya mutu. Waɗanda suka tsira kan fito jiƙe sharkaf, cibiyarsu ba ta rufe ba.

Abin da masana suka ajiye ke nan ga ƙwan kaza. Zafi digiri 37 da rabi na Salsiyos a akwati mai fanka. Laima kashi 50 zuwa 55 cikin 100 har kwana 18, sa'an nan 65 zuwa 70 a kwana ukun ƙarshe. Amma takardar da kan zo tare da akwati an rubuta ta ne a wata ƙasa. In ta ce ka cika kwanon ruwa kullum, ba ta san hunturun Yawuri ba, ba ta kuwa san malka ba.

Wani ya ce, "Ai mu a bakin ruwa mu ke, ina za mu rasa laima?" Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 tafki ya malalo har Yelwa, haka ne. Amma duba inda iskar hunturu ke fitowa. Daga arewa maso gabas ta ke tasowa, Yelwa da Wara kuwa suna gabashin ruwa, saboda haka sai ta bi ta kan gidajenku tukuna ta isa tafki. Leɓenka da ke tsagewa cikin Janairu ya ishe ka shaida. Bayan wannan akwai wani abu da ba kowa ya lura da shi ba: iska in ta yi zafi ƙishirwarta ƙaruwa ta ke yi. Misali, in ɗakinka yana digiri 25, laimarsa kashi 20, iskar nan in ta shiga akwati ta dumama, laimarta ta koma kamar kashi 10. Kwanon da aka sayar maka da shi ba zai isa ba, sai ka ƙara na biyu.

Da damina kuma sai magana ta juya. Cikin Agusta, in ɗaki yana digiri 27, laimarsa kashi 85, iskar da ta shiga akwati za ta tsaya wajen kashi 47 ko da ba a sa ruwa ko ɗigo ba. Ka ga saura kaɗan ta kai abin da a ke so. Wanda ya cika kwano a lokacin nan, don ya saba da hunturu, shi da hannunsa ya nutsar da 'yan tsakinsa. Ɗan murfin gwangwani da ruwa ya isa, har kwana 18.

Faɗin fuskar ruwa shi ke ƙara laima, ba zurfinsa ba. Faranti mai faɗi da ruwa kaɗan ya fi kofi cike. In kana son ƙari, sa soso ko tsumma mai tsabta a ciki, rabinsa ya leƙo waje. In kana son ragi, rufe rabin farantin. Kada ka ɗebo ruwan Kwara ka zuba haka nan, gama zafin akwati gidan ƙwayoyin cuta ne. Tafasa shi, ka bari ya huce ya zama mai ɗumi. Kada ka yayyafa wa ƙwai ruwa. Kada kuma ka toshe ƙofofin iska wai don laima ta taru, tsako na cikin ƙwai ma numfashi ya ke bukata.

Ma'aunin laima na kasuwa ya kan yi ƙarya. Gwada shi tukuna. Jiƙa gishiri cokali ɗaya da ɗigon ruwa, kada ya narke, ka kulle shi tare da ma'aunin cikin leda, ya kwana. Da safe ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 68, ka san kullum za ka ƙara 7 bisa abin da ya faɗa.

Amma ƙwan da kansa ya fi kowane ma'auni faɗin gaskiya, hanyar tambayarsa kuwa biyu ce. Ta fari, haskawa. Ran kwana 7, da 14, da 18, shiga ɗaki mai duhu, ka ɗora gindin ƙwai a bakin tocila. Za ka ga ɗakin iska sarai. Zana iyakarsa da fensir. Ran 7 ƙarami ne, ran 18 ya kamata ya kusa cin sulusin ƙwai. Ido ba mudu ba, ya san kima. A nan kuma za ka fid da waɗanda ba su ɗauka ba, tun ba su zama baragurbi sun fashe sun ɓata sauran ba.

Ta biyu, awo, ga mai ƙaramin sikeli. A ce ƙwai 30 sun yi giram 1,500 ranar da ka sa su. Kashi 12 na wannan giram 180 ne. Ashe ran kwana 18 ana son su dawo 1,320, ran kwana 9 kuwa wajen 1,410. In ran 9 ka tarar da 1,370, sun bushe da sauri, ƙara ruwa. In ka tarar da 1,450, rage. Kuskuren yini ɗaya ba ya kashe tsako, jimlar kwanakin ita a ke dubawa, saboda haka kada hankalinka ya tashi don wuta ta ɗauke sa'a biyu. Rufa wa akwatin bargo, ka bar ƙofofin iska a buɗe. In ka fid da waɗansu ƙwai, sai ka sāke lissafi, ko kuwa tun fari ka ware goma ka yi musu alama, su kaɗai ka riƙa aunawa.

Ran kwana 18 ka daina juyi, ka ƙara ruwa, ka rufe akwati. Nan ne haƙuri ke ƙarewa. Da an ji kukan tsako, yara da manya kowa yana so a buɗe ya gani. Da hunturu, buɗewa ɗaya ta isa ta busar da tantanin ƙwan da aka riga aka huda. Tsako kan yi yini guda tsakanin hudawa da fitowa, hutawa ya ke yi, kada ka ɓare masa. Wanda ya fito ba ya bukatar abinci nan da nan, gwaiduwar da ya janye cikin cikinsa tana riƙe da shi. Bar shi ya bushe a ciki.

Masu sa ƙwan zabi su tuna nasu kwana 26 zuwa 28 ne, saboda haka ƙarin ruwansu sai wajen kwana 24. Kada a gama su da na kaza rana ɗaya a akwati ɗaya.

Ran kwana 23 fitar da ƙwan kazar da bai ƙyanƙyashe ba, ka fasa su nesa da gida. Duba girman ɗakin iska, duba ko tsakon jiƙe ya ke ko a manne. Rubuta abin da ka gani a littafi, da sunan watan, da yawan farantin da ka sa. Sa'an nan ka binne su da zurfi, ka wanke hannu da sabulu, ka wanke akwatin ya bushe tukuna ka zuba waɗansu.