Amsoshin Tambayoyinku: Finafinan Rayuwar Masu Zane

Wani mai sauraronmu daga Jekadafari a birnin Gombe na tambaya: shin ana shirya finafinan gaskiya kan rayuwar masu zane da abokan hulɗarsu?

To malam, ana yi. A 1990 cibiyar Smithsonian ta Amurka ta fitar da "Nigerian Art: Kindred Spirits", wanda ya nuna masu fasahar Najeriya irin su Bruce Onobrakpeya. Shi kuwa a Zariya ya yi karatu, a kwalejin da ta koma Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Nan ne a 1958 shi da su Uche Okeke, Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da aka yi wa laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya, don sun ƙi kwaikwayon zanen Turawa zalla, suka gauraya shi da na gargajiya.

A Faransa, mai shirya finafinai Clouzot ya ɗauki mai zane Picasso yana tsakiyar zane, a wani fim da ya fito a 1956. A ganina, wannan ya fi ɗaukar hankali, domin hannun mutumin kake bi, ba surutun masana ba.

Masu zanen manyan motoci da allunan shaguna na Gombe ma sun cancanci a ɗora musu kyamara.