Shawara: Ido Ba Ya Yanke Hukunci

Jama'a, da zarar idon mutum ya yi ɗorawa, sai a ce shawara ce, a jiƙa saiwa a ba shi. To, ku sani cuta fiye da ɗaya ke kawo wannan alama. Ciwon hanta na kawo ta, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ma haka, sannan ga zazzaɓin shawara, wanda kan zama annoba. Ko likita ba ya rabe su da ido. Sai an ɗebi jini an kai ɗakin gwaji.

Gwajin zazzaɓin shawara kuwa yana da lokacinsa. A kwanakin farko ƙwayar cutar na yawo cikin jini, ana iya kama ta kai tsaye. Idan aka yi ta jiƙe-jiƙe a gida har aka haura mako guda, ta ɓuya, sai dai a nemi garkuwar da jiki ya haɗa don yaƙarta. Nan aikin ke da wuya, domin wanda bai daɗe da yin rigakafi ba, ko wanda ya yi zazzaɓin dengi, jininsa kan nuna kusan abu ɗaya. Shi ya sa ma'aikacin lafiya ke tambayar katin rigakafi, ba neman fitina yake yi ba. Shi ya sa kuma aka daɗe ana aika irin wannan jini Cibiyar Pasteur ta Dakar don a tabbatar.

Mutum ɗaya aka tabbatar, gari duka ya tashi tsaye. A 2017 jinin yarinya guda a Ifelodun ta Jihar Kwara ne ya nuna cutar ta dawo Nijeriya. A 2019 ta ɓulla a Alƙaleri, wajen dajin Yankari. Sauron daji ke ɗauko ta daga biri ya sa wa manomi ko mafarauci, shi kuma ya shigo da ita gari, inda sauro mai cizon rana ke jira. Wannan sauron cikin randa, tsohuwar taya da gwangwani yake ƙyanƙyasa, saboda haka a rufe randa, a kife sauran.

Har yau babu maganin da ke kashe ƙwayar. Allurar rigakafi ɗaya kuwa ta isa har iyakar rai, kuma tana kama jiki cikin kwana 10. Ana yi wa jariri yana wata 9. Babban da ba a taɓa yi masa ba, ya je a yi masa tun kafin a ji labarin cutar ta shigo ƙauyen maƙwabta.