Jiki Ɗaya, Inji Uku

Yau maganarmu a kan mota ce, watau irin ƙananan motocin nan masu ƙofa biyu da rufaffen kai, waɗanda aka yi su don gudu. Wanda ya tashi sayen irinsu na hannu, fenti da kujeru su ne ke fara ɗaukar idonsa, alhali kuwa kuɗin motar yana ƙarƙashin bonet. Misalin da za mu ɗauka shi ne MGB GT, wadda kamfanin MG ya ƙera a garin Abingdon na ƙasar Ingila daga 1965 zuwa 1980, shekarar da aka rufe ma'aikatar. Jikin nan nata ɗaya ne, amma inji iri uku aka sa masa, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne.

Na fari shi ne wanda ya fi yawa, mai silinda huɗu, faɗin cikinsa cc 1,798, ƙarfinsa wajen doki 95. Na biyu mai silinda shida ne, cc 2,912, an yi shi daga 1967 zuwa 1969, aka kuwa sake wa motar suna, aka ce da ita MGC. Na uku mai silinda takwas ne, cc 3,528, daga 1973 zuwa 1976, guda 2,591 kaɗai aka yi. Silinda kuwa ita ce ramin da fistan ke hawa da sauka a ciki, inda fetur ke kamawa da wuta. In kuka raba lissafin nan za ku ga abin sha'awa: silinda ɗaya ta na farin tana ɗaukar wajen cc 450, ta na biyun 485, ta na ukun 441. Ashe girmansu kusan ɗaya ne, yawansu ne ya bambanta.

To, yaya mutum zai gane wanda ke gabansa? Ya buɗe bonet ya ƙirga wayoyin fulogi, gama kowace silinda da nata fulogi. Kunne ma yana ba da shaida. Kowane juyi ɗaya na karanshaf, mai huɗu wuta sau biyu yake bugawa, mai shida sau uku, mai takwas sau huɗu. Don haka ne muryar na farin ke fita a rarrabe, ta sauran kuwa ta fi santsi.

MGC ba ta ɓuya. Injinta dogo ne, sai da aka yi wa bonet ƙusumbi kafin ya rufu, tayoyinta kuma na inci 15 ne, na 'yar'uwarta 14. Injin ya fi mai huɗu nauyi da kusan kilo 95, duk a kan tayoyin gaba, shi ya sa takan ƙi bin sitiyari da sauri a kan kwana. Masu rubutu kan motoci na zamanin sun kushe ta saboda wannan, ko da yake ni a ganina sun tsananta, domin mota ce ta doguwar tafiya a miƙaƙƙen titi.

Inda ake cutar mai saye shi ne wajen mai takwas. Wannan inji asalinsa na kamfanin Buick ne na Amurka, kamfanin Rover ya sayi ikon ƙera shi a 1965. Da alminiyam aka yi shi, saboda haka duk da girmansa bai kai mai huɗu na baƙin ƙarfe nauyi ba. In ka ɗora maganaɗisu a jikinsa ba zai kama ba, a jikin sauran biyun kuwa sai ya manne. Amma fa maganaɗisu yana faɗa maka irin injin ne kurum, ba ya faɗa maka wanda ya sa shi. Tun kafin kamfanin MG ya fara, wani injiniya mai suna Ken Costello ya riga ya soma cire mai huɗu yana dasa mai takwas, bayansa kuma mutane da yawa sun yi haka, waɗansu da gwaninta, waɗansu a bayan gida. Bonet ba zai taimake ka ba, gama ta kamfani ba ta da ƙusumbi. An mai da kafireta biyun can baya ne don murfin ya rufu.

Sai ka koma ga lambar shasi. Ta MGB GT mai huɗu takan fara da GHD, ta MGC da GCD1, ta mai takwas ta kamfani da GD2D1. In ka ga inji mai takwas a motar da lambarta ta fara da GHD, dashe ne. Dashe ba laifi ba ne in mai sayarwa ya faɗa, ya kuma rage kuɗi, amma akwai abin dubawa. Kamfani da ya sa babban injin sai da ya ƙarfafa birki, ya ƙara fanka biyu na lantarki, ya kuma sake giyar baya, daga wajen 3.9 zuwa 3.07. Ma'anar wannan, sau nawa sandar da ke kai ƙarfi baya ke juyawa kafin taya ta juya sau ɗaya. Wanda ya dasa inji ya bar tsohuwar giya da tsohon birki, za ka ji motar tana kururuwa a kan titi, in kuwa ka taka birki da gaggawa ba lalle ta tsaya inda kake so ba. Haka kuma kamfanin inshora na iya ƙin biya in aka yi haɗari aka tarar ba a shaida masa canjin ba.

Mai huɗun ma yana da nasa bambanci. Akwai ɗan faranti da aka kafe a jikin injin mai ɗauke da lamba, tana farawa da 18GB ko 18GD ga na farko-farko, 18V daga 1971. A cikin lambar za ka ga harafin H ko L. H yana nufin injin yana matse iska da fetur sosai kafin wuta ta kama, L kuwa matsi kaɗan, ƙarfinsa bai kai na H ba. Duba ƙusoshin farantin da kyau. In sababbi ne ƙal a kan tsohon inji, ka tambayi dalili.

Littattafan ma'aikatar suna ajiye a gidan tarihin motoci na Gaydon a Ingila. In ka aika musu da lambar shasi ka biya kuɗin aiki, za su ba ka takardar shaida mai nuna lokacin da aka ƙera motar, da launinta, da irin injin da ta fito da shi. Ka nemi takardar nan kafin ka ba da ko kafin alƙalami.