Farfaɗo Da Tsofaffin Kekuna: Abin Da Ya Kamata Mai Zuba Jari Ya Sani

Tun bayan da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, jama'a da dama sun sake waiwayar keken da suka jingine a zaure ko bayan rumbu shekaru masu yawa. A Keffi, garin da ke cike da ɗalibai saboda Jami'ar Jihar Nasarawa, wanda kuma manoman doya, rogo da agushi suke kewaye da shi, wannan al'amari ya buɗe wa mai ƙaramin jari wata kafa, wato sayen tsohon keke, a gyara shi, a sayar. To amma sana'a ce da riba da faɗuwa suke rataye a kan sanin ƙarfe da sanin kayan gyara.

Keken da aka fi nema shi ne baƙin Raleigh mai birkin sanda. Asalin kamfanin na birnin Nottingham ne a Ingila, a shekarun baya kuwa har ya yi masana'antar haɗa kekuna a Kano. Daga 1986, lokacin da shirin gyara tattalin arziki na SAP ya karya darajar Naira, kayan Ingila suka fi ƙarfin talaka, sai kekunan Phoenix na ƙasar Sin da Hero da Avon na Indiya suka mamaye kasuwa. Shi kansa Raleigh ya daina ƙera keke a Nottingham a 2002. Ma'anar wannan ga ɗan kasuwa ita ce, gangar jikin tsohon Raleigh na ainihi ba ta ƙaruwa, raguwa take yi, musamman da yake 'yan gwangwan suna sayenta a kan nauyi domin a narkar.

Saboda haka darasi na farko shi ne duba gangar jiki. Fenti ba abin dubawa ba ne. Gwangwani ɗaya da samfefa sun isa. Abin da ake dubawa shi ne mahaɗar bututai, musamman ƙarƙashin wuya da wurin da feda take juyawa. Idan aka ga tsagewa, ko kumburi a bututun da ke bayan wuya, to keken ya taɓa yin karo, kuma walda ba za ta maido masa da ƙarfinsa na da ba. Tsatsar da ta tsaya a sama ana kankare ta, wadda ta huda bututu kuwa ta gama da shi. Har wa yau kada tambarin kan zalɓe da ke goshin keken ya ruɗi mai saye, domin ana cire shi daga mataccen keke a liƙa wa wani.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen kayan gyara, kuma a nan ya kamata a natsu. Kamfanin Raleigh ya yi wa kekunansa na Nottingham nasa ma'auni na daban. Haƙoran da ake murɗa kofin feda da notin wuya a kansu guda 26 ne a kowane inci, alhali yawancin sauran kekuna 24 suke da shi. Bambancin bai cika bayyana ga ido ba. Kofi mai haƙora 24 zai shiga zagaye ɗaya ko biyu sannan ya cije, makaniken da bai sani ba sai ya sa ƙarfi, nan take ya cinye haƙoran gangar jikin, keken da aka saya da tsada ya koma kayan gwangwan. Abin da ya fi shi ne a wanke tsohon kofi da kalanzir, a sake masa boris da giris, a mayar da shi matuƙar bai rarake ba. Wannan ne ma dalilin da ya sa gogaggun masu gyara suke sayen keke biyu domin su tayar da ɗaya.

Haka batun taya yake. Tayar babban keke ita ce mai lamba 28 x 1½, wadda faɗin bakinta milimita 635 ne. Akwai wata da ita ma ake rubuta mata 28, amma tata milimita 622 ce, ba za ta hau tsohon rim ba. Mai lamba 26 ma iri-iri ce: ta tsofaffin ƙananan kekunan Ingila 590, ta keken hawan dutse 559. Wanda zai saro taya da yawa ya karanta lambar milimita da ke jikinta kafin ya biya kuɗi.

Sarƙa, takalmin birki, feda, ƙararrawa da sirdi ba su da wuya, na Indiya da na Sin suna wadatarwa. Tsofaffin kaya na ainihi kuwa sai an bi masu gyaran keke na ƙauyuka, ko kasuwannin tsofaffin ƙarafa irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano.

Kafin a kashe ko sisi, wajibi ne a san wa za a sayar wa. Manomin da zai ɗora buhu yana neman kariya mai ƙarfi, da birki mai kamawa, da farashi mai sauƙi, bai damu da asalin kowane noti ba. A yi masa aiki da sababbin kayan Indiya. Mai sha'awar kayan tarihi kuwa, irin wanda ake iya samu a Abuja mai nisan kimanin kilomita 50, shi tsohon fenti da tsohon tambari yake saye, sabon fenti ma rage wa keken daraja yake yi a wurinsa. Irin wannan mai saye bai da yawa, kuma keke yakan yi watanni kafin ya zo, don haka mai jarin da bai wuce na keke uku ko huɗu ba gara ya fara da na manoma da ɗalibai, ya ajiye gangar jiki ɗaya mai kyau a gefe ba tare da ya taɓa fentinta ba.