Yaro da Rasuwar Kakansa: Abin da Ya Kamata Shugabanni Su Lura da Shi

A watan Afrilu na 2020 aka yi ta rashe-rashe a Kano, yawancinsu kuwa tsofaffi ne. A Hotoro da Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, kamar sauran unguwanni, gidaje da dama sun rasa dattawansu, ga kuma dokar kulle ta hana taron ta'aziyya. Manya sun san yadda za su yi da baƙin cikinsu. Ƙananan yara fa?

Kaka abokin wasa ne. Tsohuwa takan kira jikanta mijinta, tsoho kuwa ya kira jikarsa matarsa. Ɗan fari, wanda iyaye su ke jin kunyarsa, galibi a ɗakin kaka ya ke tashi. Saboda haka rashin nan ba ƙarami ba ne gare shi.

Na farko, a gaya wa yaro gaskiya da taushin murya: Allah ya karɓi ran kaka, ba zai dawo ba. Kada a ce ya yi tafiya, domin yaro zai yi ta tsaron ƙofa. Kada kuma a ce barci ya ke yi, don kada ya tsorata da kwanciya.

Na biyu, kada a kwaɓe shi in ya yi kuka. Shari'a kururuwa ta hana, ba hawaye ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zub da hawaye ran rasuwar ɗansa Ibrahim. Shi kansa yana da shekara 8 kakansa Abdulmuɗɗalib ya rasu, baffansa Abu Ɗalib ya ci gaba da riƙonsa.

Na uku, a koya masa yi wa mamacin addu'a, a sa shi miƙa sadaka da hannunsa. In ya koma fitsarin kwance ko ya ƙi abinci, haƙuri za a yi da shi, ba duka ba. In abin ya daɗe, a kai shi asibiti.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyan hakimi. Maraya wanda ubansa ya riga kakan rasuwa ba ya gado in akwai baffa da rai, sai dai in an yi masa wasiyya, ita kuwa ba ta wuce sulusi. Ya kamata masu unguwa su sanar da dagaci duk yaron da ke hannun mamaci, malamin hakimi ya rubuta sunansa da na wanda ya karɓi riƙonsa. Bayan sadakar arba'in a sake bincikawa, a ga ko yana zuwa makaranta.