Faffaɗar Taya Za Ta Gyara Mini Riƙon Hanya?

Tambaya: Ina jan Golf 3 tsakanin Unguwar Lalle da Sabon Birni, wani lokaci har Isa. Motar tana rawa a kwana, tana kafewa a yashi. Abokaina sun ce in sa faffaɗar taya. In sa? Daga wani direba, Unguwar Lalle.

Amsa: Malam direba, Allah ya tsare hanya. Abokanka sun faɗi rabin gaskiya. Faffaɗar taya tana ƙara riƙo a busasshiyar kwalta, amma tana ƙara shan mai, sitiyari ya yi nauyi, in an cika kaya kuma ta riƙa gugar bodi.

Duba gefen tayarka. In ka ga 175/70 R13, faɗinta milimita 175 ke nan, wilinta inci 13. In za ka ƙara, koma 185/60 R14 tare da wilinta, don tsayinsu kusan ɗaya ne. Kada ka kai 195/50 R15. Gefenta gajere ne, rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa maka wili. Wannan ta samarin birni ce.

Rawar kwana kuwa, sau da yawa laifin shokafzoba ne ko buhunan da aka jibga a baya. Bakanike ya fara dubawa kafin ka kashe kuɗi. A yashi, rage iska kaɗan ya fi faɗi amfani, amma da ka hau kwalta nemi mai faci ya mayar.

In taya ta hannu za ka saya, karanta lambobi huɗun ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefenta: 2321 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na 2021. Kada kuma ka haɗa faffaɗa da siririya, hagu da dama.