Tsatsa da teburin mai walda

A ajinmu na karatun manya akwai wani mai walda. Cikin zauren gidansu ya ke aiki. Ya na yin ƙofofi da tagogi, ya na gyaran amalanke da garma. Wata rana cikin watan 8 ya zo aji ranshi ɓace. Na ce mishi: "Lafiya dai?" Ya ce: "Malam, teburina ne. Kwana goma na yi a gona wajen noma. Da na dawo, na tarar ya yi ja wur da tsatsa. Na liƙa ƙarfen wata amalanke a kanshi, wuta ba ta kama da kyau ba. Bayan kwana biyu liƙin ya ɓalle a hanya, da kaya a bisa. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Amma sai da na sake aikin kyauta."

Wannan magana ita ce darasinmu na yau.

Mi ke kawo tsatsa?

Abu uku ke haɗuwa su haifi tsatsa: ƙarfe, ruwa da iska. Cikin iskar da mu ke shaƙa akwai wata da a ke kira oksijan. Ita ce kashi 21 cikin 100 na iska. In ƙarfe ya jiƙe, oksijan ta na cin shi, ya zama jan gari. In ba ruwa, cin ba ya sauri. Shi ya sa lokacin hunturu ƙarfe ya kan daɗe bai yi komi ba. Amma da damana, daga watan 6 zuwa watan 9, dare ɗaya ya isa. Ko ba a yi ruwa ba, raɓar asuba ta na sauka bisa ƙarfe mai sanyi. Gishiri kuma ya na ƙara wa tsatsa sauri. Gumin hannunka akwai gishiri cikinshi.

Tsatsa ba ta tsayawa da kanta. Ta na riƙe ruwa kamar soso. Ta na ɓamɓarewa, ta buɗe sabon ƙarfe, ta ci gaba da ci har ta huda.

Ina ruwan tsatsa da liƙi?

Injin walda waya biyu gare shi. Guda ta na riƙe da sandar liƙi. Gudar kuma a na maƙala ta ga tebur, ita ce masu aikin ke kira "mas". Wutar lantarki ta na bi ta cikin tebur ta shiga ƙarfen da a ke liƙawa. Tsatsa ba ta barin lantarki ya wuce da kyau. Sai wuta ta riƙa yankewa, liƙi ya yi rauni. Abin da ya samu ɗan ajinmu ke nan.

Yaya za a fidda ta?

Ka fara da buroshin ƙarfe, ka kankare. Ka bi da takarda mai yashi har fuskar tebur ta yi haske. In za ka sa injin gurza, ka sa tabarau, don ido ba ya da na canji. In tsatsa ta kafe a wani wuri, ka jiƙa tsumma da ruwan lemun tsami ka ɗora awa kaɗan, ka goge. Amma ka wanke wurin, ka busar da shi nan take. In ka bar tsami, shi ma ya na cin ƙarfe.

Yaya za a hana ta dawowa?

Tebur kashi biyu ne, kowane da maganinshi.

Ƙafafu da ƙarƙashi, fenti su ke so. Ka fara da fentin hana tsatsa, wanda Faransawa ke kira "antirouille". In ya bushe, ka bi da fentin mai. Kada ka bar ƙafafu cikin ƙasa mai laima. Ka aza su bisa bulo ko daɓen siminti. In ƙafafun bututu ne, ka toshe bakinsu na sama, ka bar ɗan rami a ƙasa don ruwa ya fita.

Fuskar tebur kuwa, kada ka yi mata fenti. Fenti ya na tare lantarki kamar yadda tsatsa ke yi. In wuta ta taɓa shi, ya na fidda hayaƙi mai cutar da ƙirji. Fuska mai ta ke so, ɗan kaɗan. Ka ɗiga man inji mai tsabta ga tsumma, ka shafa ko'ina, sa'annan ka goge da busasshen tsumma. In ka taɓa da yatsa ka ga mai ya na naso, ya yi yawa. Mai da yawa ya na kama wuta, ya na kuma ɓata liƙi. Baƙin man da a ka juye daga mota ya fi araha, amma akwai dauɗa cikinshi mai cutar da fata. In da hali, ka guje shi. Kada ka wanke tebur da esans. Tsumman mai kuma ka ajiye shi nesa da tartsatsi.

Aikin kowane marece

In ka tashi daga aiki, ka share garin ƙarfen da ya zuba. Shi ne ke fara tsatsa, ya shafa wa tebur. Kada ka bar buta ko kofin shayi a bisa. Ka shafa mai, ka rufe da tsohon zane ko buhun garara. Kada ka ɗaure shi da leda kam-kam, don leda ta na tara gumi a ƙarƙashinta. In rumfa ta na zuba, ka gyara ta tun kafin ruwan farko.

Wanga aiki bai wuce minti 5 ba. Farantin ƙarfe mai kauri kuwa, kowa ya san tsadarshi a kasuwa. Rigakafi ya fi magani. Haka nan za ka yi wa garma, hauya da keken ɗinki in za ka ajiye su.

Ɗan ajinmu ya kankare teburinshi ranar Juma'a da marece. Yanzu ƙanenshi ke shafa mai kafin sallar magariba.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ke haifar da tsatsa?
2. Don mi ba a yi wa fuskar tebur fenti?
3. Rubuta sunan kayan ƙarfe 3 na gidanku da ke bukatar mai kafin damana.